Yadda Ake Ɗaure Rufin Kwano Kafin Iskar Farkon Damina

Tun da bidiyoyin nan suka fara yawo a wayoyi, na guguwa ta taso daga teku kamar murɗaɗɗiyar igiya ta afka wa garin bakin ruwa tana watsi da lemomi da kujeru, tambaya ɗaya ake ta aiko mini: irin wannan za ta iya zuwa Bauchi, kuma me mutum zai yi wa gidansa?

Guguwa mai juyi irin wadda ta faɗa wa garin Tongaat kusa da Durban a Afirka ta Kudu ranar 3 ga Yunin 2024, ko waɗanda ke sauka a Amurka fiye da sau 1,000 a shekara, ba ita ta fi cin mu a nan ba. Tamu ita ce iskar da ke gaban hadarin gabas, daga Afrilu zuwa Yuni. A miƙe take zuwa da jar ƙura, kafin ka ankara ta gama abin da za ta yi. Wanda yake garin nan washegarin ƙaramar Sallar 2018 ya sani. Sai dai aikin da iska ke yi wa rufi ɗaya ne, ko a bakin teku ko a Fadaman Mada: in ta bi ta kansa sai ta tsotse shi sama, in ta samu ƙofa ta shiga ɗaki sai ta tura shi daga ƙasa. Kuma in gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfinta sau huɗu yake ninkawa.

A wannan ranar ta 2018 rufin ɗakuna biyu na gidanmu ya tashi ɗungurungum ya sauka a bayan gidan maƙwabci. Da muka je ɗauko shi, kwanon na nan a jikin katakonsa, ƙusa ko ɗaya ba ta fita ba. Katako da bango ne suka rabu, don ba abin da ya haɗa su sai layin bulo ɗaya da aka ɗora a kai. Abin da zan jera a ƙasa daga nan na fara koyonsa, wurin kafintoci da magina. Sarƙa ce mai gaɓa uku: kwano da katako, katako da katako, katako da bango. Inda ta fi rauni, nan za ta tsinke.

1. Lokaci da kayan aiki

A yi aikin nan tsakanin Fabrairu da ƙarshen Maris. Da zarar iskar farko ta yi ɓarna, kafinta ya zama ɗan gwal, kuɗin kwano da katako kuma sai ya tashi.

Za a nemi tsani mai kyau, tocila, guduma, filaya, almakashin kwano, injin huda bango ko kurfi, langalanga, rodi siriri wanda magina ke kira kwata, ƙusa inci 3 da inci 4, ƙusar kwano mai hula, maganin gara, siminti da yashi kaɗan na toshe huda. Duk ana samun su a kasuwar Muda Lawal.

2. Duba rufin ciki da waje

Fara daga ciki. Ɓalle silin ɗaya a kusurwar ɗaki, ka leƙa da tocila. Abu uku kake nema. Na farko, inda katako ya zauna a kan bango: akwai ƙarfen da ya rungume shi ya gangara cikin gini, ko aza shi kawai aka yi? Na biyu, gara. Soka wa katakon ƙusa da hannu, in ta shige kamar a gurasa, wannan ya gama aiki. Na uku, haske. Duk inda rana ke leƙowa ta gefen ƙusa, hudar ta buɗe, kwanon yana motsi ke nan.

Sannan ka fita waje ka tura bakin rufin sama da doguwar sanda, musamman a kusurwoyi. In ya ɗaga ko da faɗin yatsa ne, iska ma za ta ɗaga shi.

*Gargaɗi:* Kashe wutar gidan daga babban makunni kafin ka sa kai cikin silin. Ɓeraye suna cin rigar waya, ga kuma kunama da rina.

3. Ɗaure katako da bango

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi yin ha'inci, don da zarar an yi filasta ba mai gani. In kuɗinka mataki ɗaya kawai zai iya, to wannan ne.

*In sabon gini ne.* Kafin a zuba kankaren da ke zagaye saman bango, a sa rodin kwata ko langalanga a ɗaure shi da rodin cikin kankaren, a bar kansa biyu a waje kamar ƙafa biyu-biyu. A yi haka daidai duk inda katakon rufi zai sauka. Bayan an ɗora katako sai a naɗo ƙarfen ta kansa a ƙulle. Ka tsaya da kanka ranar zubin nan. Ƙarfen da aka cusa bayan kankare ya fara kamawa, da hannu ma ana zare shi.

*In tsohon ginin bulo ne.* A ƙirga layi uku na bulo daga sama, wato wajen santimita 70, a huda bangon ya fita ɗaya gefen. In akwai kankare a saman tagogi da ƙofofi, a huda a ƙarƙashinsa, ya fi. A zura rodin ta hudar, a hau da shi ta ciki da ta waje, a zagayo kan katakon da ke kwance a bango da wanda ya hau kansa, a murɗe har sai ya yi tsam. Sai a toshe hudar da siminti, a shafe rodin da filasta don kada ya yi tsatsa. Dalilin sauka layi uku shi ne nauyi. In ka ɗaure a layin farko, iska za ta tafi da rufin haɗe da bulon, ka ƙara wa abin da zai faɗo kan mutane nauyi ke nan.

*Gargaɗi:* In bulon irin wanda ake murmushewa da yatsa ne, ƙara sauka layi ɗaya ko biyu, kuma a sa guntun ƙarfe ko bututu a cikin hudar don rodin ya zauna a kansa.

*In ginin ƙasa ne.* A sauka kamar mita ɗaya. Kada a bar waya ko rodi ya zauna kai tsaye a kan ƙasar, zai yanka ta kamar yadda zare ke yanka sabulu, balle in bango ya sha ruwa. A gitta guntun jan katako mai tsawon kamu biyu a hudar, ɗaurin ya kama shi. Gidajen cikin gari, su Jahun da Ƙofar Dumi, da yawa an ɗora musu kwano ne a kan tsohon bango, kuma galibi duwatsu ne kawai ke danne da shi.

Ɗauri nawa ake bukata? Kowane katako da ya sauka a bango, kai biyu gare shi, kowanne sai an ɗaure. Ɗaki mai ƙafa 12, in an jera katakon da tazarar ƙafa 4, layi huɗu ke nan, ɗauri takwas. Kowane ɗauri a ginin bulo zai ci rodi kusan mita 2, ka ga mita 16, wato sanda biyu ta ishe ka da saura. A kusurwa huɗu na ginin a ninka ɗaurin.

Za ka gamu da kafintan da zai ce maka, "Alhaji, ai haka muke yi tun muna yara, in Allah ya tsare ba abin da zai faru." Kada ka yi masa faɗa, mai yiwuwa haka ubangidansa ya koya masa. Ka ce, "Malam, na yarda Allah ne mai tsarewa. A sa mini ƙarfen, zan biya kuɗin wahalar daban." Da yawansu ƙin aikin da suke yi don ba a sa shi cikin jinga ba ne. In ka ware masa kuɗinsa, zai yi da kyau.

4. Katako da katako

Ƙusar da aka buga a karkace ta gefe, ko wadda ta shiga ta kan katako inda aka yanke shi, ba ta jure ja. Duk inda siririn katakon da kwano ke kwanciya a kai ya gitta babban katako, a yanko langalanga kamar kamu ɗaya da rabi, a lanƙwasa ta rungume su biyun, a buga ƙusa biyu a kowane gefe. A layin bakin rufi da layin ƙololuwa a yi wa kowace mahaɗa. A tsakiya, in kuɗi ya gaza, a riƙa tsallake ɗaya.

Tazarar siraran katakon kada ta wuce ƙafa 3, a baki da ƙololuwa kuma a matso da ita zuwa ƙafa 2. Ni dai ban yarda da katakon 2x2 (inci biyu da biyu) a wannan wurin ba, ƙusar kwano tana tsaga shi. A sa 2x3. A kuma gitta dogon katako a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa ta ƙarƙashin rufin, don kada jerin ya kwanta gefe ɗaya in an tura shi.

*Gargaɗi:* Ɗanyen katako yana da araha, amma in ya bushe a kan gini sai ya motse ya saki ƙusa. Ɗaga shi ka ji, in ya cika nauyi da sanyi a hannu, ka jingine shi a inuwa sati biyu zuwa uku. A shafa maganin gara tun yana ƙasa, har kan da aka yanke. Masu amfani da baƙin mai su bari ya tsotse kafin a hau, yana da santsi.

5. Kwano da ƙusa

A tudun kwano ake buga ƙusa. In aka buga a kwarinsa, yoyo za a saya. Ƙusa mai hula mai murɗaɗɗen jiki ta fi mai santsi riƙo nesa ba kusa ba, sukuru mai roba kuma ya fi su duka ga mai hali. In tsinin ƙusa ya leƙo ta ƙasan katako, a lanƙwashe shi da guduma.

Yawan ƙusa ba ɗaya ba ne a ko'ina. Iska daga baki take fara ɓamɓara, kamar yadda ake buɗe gwangwani, don haka a layin bakin rufi, da ƙololuwa, da gefe biyu, kowane tudu sai ya samu ƙusarsa. A tsakiya ana iya tsallake tudu ɗaya ko biyu. Inda kwano ya hau kwano ta gefe, ya hau tudu ɗaya da rabi zuwa biyu. Ta tsawo kuma kada ya gaza inci 6. Wasu kafintoci suna rage wannan hawan don bandir ya kai musu, sai ka ga an tsira da falle biyu an bar wa iska baki.

In tsohon rufi ne, kada a mayar da ƙusa cikin tsohuwar huda. A matsa gefe a buga sabuwa, tsohuwar a liƙe ta. Fallen da tsatsa ta ci bakin ƙusarsa a sauya shi kawai.

Mai sayen sabo ya kula da kauri. Akwai kwanon da in ka riƙe shi yana rawa kamar takarda, irinsa ƙusa tana nan daram shi kuwa ya yage ta kanta ya tafi. A dogon alminiyom, 0.45 zuwa 0.55 na milimita shi ne na gidan zama. Ka sa a auna a gabanka.

Sai maganar duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi da muke jibgawa a kan kwano. Na san abin da ke sa a yi, rashin kuɗi ne, kuma a ƙaramar iska suna ɗan taimakawa. A babbar iska kwanon yana ɗagawa ya cillo su tsakar gida, inda mata ke kwashe shanya yara suna gudu. In an gama ɗauri a sauko da su gaba ɗaya.

*Gargaɗi:* A hau rufi da sassafe kafin kwano ya yi zafi, da takalmin roba, a taka kan layin ƙusa kawai. A dubi wayar wutar da ta shigo gidan kafin a ɗaga dogon falle sama. Yaro kada ya hau.

6. Baki, baranda da siffar rufi

Bakin rufin da ya zarce bango kada ya wuce ƙafa ɗaya da rabi, a kuma rufe ƙasansa da katako don kada iska ta samu wurin sa kafaɗa. Rumfar baranda da ta shago a yi musu rufinsu daban. In aka jawo su daga babban rufi, ranar da rumfar ta tashi da uwar za ta tafi. Ginshiƙan rumfa a binne su cikin kankare, a ɗaure kansu da ƙarfe.

Mai sabon gini ya sani rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska, mai gangara ɗaya kuma shi ne ya fi saurin tashi. Wanda ya kwanta sosai ma iska ta fi tsotsarsa, tsayin da ya kai wajen digiri 30 shi ne daidai. Katangar da ake ɗagawa ta ɓoye bakin kwano tana taimako ƙwarai, amma sai an sa mata ginshiƙai da rodi. In ba haka ba ita za ta rufto ta fasa rufin.

7. Ƙofa, taga da tsakar gida

Gyara sakata da ƙyauren da ke gefen gabas. Masu cewa a buɗe tagogi iska ta wuce, kada a bi su. A sassabe rassan dogon yaro da suka hau kan ɗaki ko waya, a sare bishiyar da gara ta cinye cikinta. Tankin ruwa na sama a bar shi da ruwa, a ɗaure shi da ƙarfensa. Farantan sola a kafe su da noti a jikin katako, waya ba ta isa ba. Ragowar kwano da aka jingine a bayan ɗaki a kwantar da shi a ɗaure.

8. Lissafin kuɗi

Farashi yana sauyawa kusan kowane mako, don haka ka je da jerin kayanka ka tambaya shago uku. Abin da ba ya sauyawa shi ne gwargwado. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, kuma rodi da langalanga da ƙusar da za su ɗaure ɗaki ɗaya ba su kai kuɗin bandir ɗaya ba. Rufin da ya tashi kuwa zai ci kwano da katako da silin da kuɗin aiki, ban da katifa da hatsi da takardun da ruwa zai lalata.

Ka sayi kayan da kanka, ka yi jinga da kafinta a kan yawan ɗauri, ka ƙirga su kafin a mayar da silin. In kuɗin bai isa gidan duka ba, a fara da ɗakin da yara ke kwana, sai na gefen gabas. Ɗan haya ya sami maigidan da lissafi a rubuce, a daidaita a cire daga kuɗin haya.

9. In hadari ya taso

Alamun iskar sanannu ne: zafi mai gumi tun rana, gari ya yi tsit, gabas ta yi baƙi, sai jan bango na ƙura, sai wata iska mai sanyi ta bugo. Daga sanyin nan zuwa babbar iska 'yan mintoci ne. A kuma riƙa sauraron hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, a rediyo.

Yara tukuna. A shigo da su a ƙirga. A kashe murhu a zuba wa garwashi ruwa, don iska na ɗaukar wuta ta kai wa zana. A rufe tukunyar gas, a kashe babban makunni, a sa wa ƙofofi da tagogi sakata. A taru a ƙaramin ɗaki mai bango kusa-kusa, in akwai mai rufin kankare shi ya fi, nesa da gilashi. In rufi ya fara ɗagawa a shiga ƙarƙashin gado ko tebur, a ja katifa a rufe kai. A yi addu'ar da Annabi (SAW) ya koyar, ta roƙon alherin iskar da neman tsari daga sharrinta, ya kuma hana zaginta.

*Gargaɗi:* Kada kowa ya rataya a jikin katako wai zai riƙe rufi, kada a hau sama ɗora dutse, kada a fita kwashe shanya. Fallen kwano a cikin iska wuƙa ne. Rufi ana sake shi.

In a waje ta same ka, nisanci katanga, bishiya, allon talla da turakun wuta. Doguwar katangar bulo marar ginshiƙi tana cikin abin da ya fi kashe mutane, kuma jikinta aka fi gudu a fake. Mai mashin da mai Keke Napep su tsaya su shiga gini. A fili, ka kwanta a wuri mai ɗan kwari ka rufe kai da hannu, amma ban da cikin kwalbati ko rafi, ruwa na tafe. Masunta a dam ɗin Gubi su fito gaɓa tun gabas na haɗuwa.

'Yan'uwanmu masu zuwa Legas, Kwatano ko Jidda: in kun ga igiyar nan ta sauko daga gajimare ta taɓa teku, tana iya hawowa tudu, kuma ta fi ku gudu. A bar ɗaukar bidiyo, a bar rumfunan bakin ruwa, a shiga ginin kankare, hawa na ƙasa, ɗakin da ba taga. In kun ga kamar ta tsaya wuri ɗaya tana ƙara girma, ku take nufowa.

10. Bayan ta wuce

Duk wayar da ta faɗi a ɗauka da wuta a jikinta, ko da an ɗauke wuta a unguwa. A ba ta tazarar mita 10, a tsare yara, a sanar da ofishin kamfanin wuta na JED. Kada a taɓa kwanon da waya ta kwanta a kai, ko ruwan da take ciki. Lambar gaggawa 112 ce. Wanda kwano ya yanka a danne ciwon da tsumma mai tsabta a kai shi asibiti, a tambayi allurar tetanus ko da yankan ƙarami ne. Wanda bango ya danne kuma yana kukan wuya ko baya, a ɗauke shi a kan ƙyaure a miƙe, kada a naɗe shi a bayan mashin.

A ɗauki hoton ɓarnar kafin a kwashe komai, a kai rahoto wurin mai unguwa don sunan gidan ya shiga jerin da ake miƙa wa SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha. Kada a kwana a ɗakin da bangonsa ya tsage ko ya jiƙe har sama.

A rufa tamfol na wucin gadi, a ɗaure shi da igiya a jikin turaku a ƙasa. Wurin mayar da rufi kuma kada gaggawa ta sa a aza shi yadda yake a da, don hadarin farkon damina a jere yake zuwa, wani na iya biyowa cikin kwana biyu ko uku. Tun da bangon a buɗe yake, a koma mataki na 3 a huda a sa rodin kafin falle ɗaya ya hau.